Inna Tana Wajen Hagu

Ban tsufa ba, na sani. Masu rubuta labarin rayuwarsu sai sun yi furfura suke zama su rubuta, ni kuwa har yanzu ina goyon ƙaninki. Amma Innata ba ta kai ga furfura ba ta tafi, kuma tun daga lokacin nake tsoron in tafi ban faɗa miki wani abu da bakina ba, ki tashi ki ji shi a bakin wasu. A gidan nan, in aka zo labarin shekarar da kika cika biyar, cewa ake yi ita ce shekarar da uwarki ta zubar da kunya a gaban surukarta saboda abin jin waƙa. Ba duka ne ƙarya ba. Amma ba haka abin ya tafi ba. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, in kin ga kuskure ki gyara a zuciyarki, ki wuce.

A shekarar ne babanki ya rufe teburinsa na kayan waya da ke bakin tasha, ya tafi Legas wurin wani ubangidansa. Ya bar mu a gidansu a cikin Daura, ni da ke da mahaifiyarsa Hajiya, da matan yayyensa biyu, kowacce da sashenta. Gida cike yake da mutane, amma ni daga wani ƙauye kusa da Babban Mutum aka kawo ni, su kuwa duk 'yan gari ne, sun san juna tun suna tallan goro. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya hana ni abinci. Hira ce dai in na zo na zauna sai ta yi sanyi, in na tashi ta sake kamawa. Nakan wuni ban furta abin da ya wuce gaisuwa da "to" ba. Ke kaɗai ce tawa a gidan, ke ɗin ma ba a yarda in nuna ba, don ke ce ta fari. Uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta ɗaukarta a cikin mutane, in an dake ta ba ta ɗaga kai. Haka aka yi min, haka na tarar ana yi. "Ke" nake ce miki, ko "yarinyar nan". Ke kuma Anti kike ce min, yadda kika ji 'ya'yan gidan suna faɗa.

Ragowar kayan teburin babanki ya zuba a kwali ya tura ƙarƙashin gado, ya ce in riƙa sayar wa matan unguwa. Akwai caja, akwai rigar waya, akwai abin sawa a kunne iri uku. Na farko ɗan ƙaramin iyafis ne fari mai igiya. Na biyu marar igiya ne mai ɗan akwatinsa. Na uku babban hedifon ne baƙi, mai baka da ke hawa bisa kai, da soso mai laushi da ke rufe kunne gaba ɗaya, guda ɗaya tak ya rage. Mata sukan tambaye ni wanne ya fi, ni kuma in ce wanda ya fi ƙara. Da na faɗa wa babanki a waya sai ya yi dariya.

"Ba ƙara ake dubawa ba, Bilki. Ƙara ai ko injin markaɗe yana da ita. Faɗi za ki saurara."

"Sauti ne ke da faɗi? Atamfa ce?"

"Ki sa abu ɗaya ki ji shi da kowanne, ki rufe ido, ki ga inda masu maganar suke tsaye. Katina ya kusa ƙarewa. Ki gaida Hajiya."

Abu ɗaya nake da shi a waya da nake so, kiɗan ƙwaryar da matan ƙauyenmu suka yi ranar wunin bikina. Mai bidiyo ne ya ɗauka, hoton ya lalace daga baya, babanki ya sa aka cire sautin aka zuba min. Bayan azahar, lokacin da gida ke yin tsit kowa ya shiga ɗaki gudun rana, na jawo kwalin na zauna a bakin gado. Da ɗan fari na fara. Matan duka suka taru a tsakiyar kaina, mai kiɗa a kan mai waƙa, mai waƙa a kan mai guɗa, kamar an cusa su a ƙuryar ɗaki an ja ƙofa. Na sa marar igiyar. Suka ɗan matsa, wasu suka koma bakin kunnen dama, wasu na hagu, amma ba wadda ta fita daga kaina. Wannan zaure ne, na ce a raina, ana iya zama amma gwiwa na taɓa gwiwa. Sannan na ɗora babban.

Ban san yadda zan rubuta miki wannan ba. Ɗakin ya tafi. Na ji ƙwarya a gabana, nesa kaɗan, daidai inda ake shimfiɗa tabarma. Mai guɗa tana can dama, wajen gindin darbejiya. Yara na gudu ta bayana, akuya na kuka a wajen danga. Tsakar gidanmu ce, da faɗinta, da iskarta, kowa a inda na bar shi. Kuma can wajen hagu, nesa, ta ƙofar madafi, a tsakanin baiti da baiti, wata murya ta ce:

"Ku ba yarinyar nan ruwa, tun safe ba ta sa komai a bakinta ba."

Na juya kaina hagu da sauri. Bango ne, da kwanukan jerena. Muryar Inna ce. Na sha jin kiɗan nan ta bakin waya, ban taɓa sanin tana ciki ba, ƙwarya ta danne ta. Ni ma 'yar fari ce a wurinta. Ba ta taɓa kiran sunana ba har ta rasu, kafin a haife ki. Ranar bikin ma ba ta fito cikin mata ba, a madafi ta wuni. Ashe daga can tana kallon bakina.

Daga ranar na samu wurin zuwa. In rana ta take sai in shiga, in ɗora baƙin nan a kai, in koma gida. Na cire shi daga cikin kayan sayarwa. Mata in sun zo sai in ce musu wannan ƙurya ce, wannan zaure, in sun tambayi na rataye a ƙusa in ce wancan tsakar gida ce, ba ta sayarwa ba ce. Suna dariya suna cewa Bilki ta fara magana da bango.

A wannan lokacin ne maganarki ta yi zafi a gidan. Tun kafin babanki ya tafi ake ce miki mai kunnen ƙashi. Hajiya na zaune a ƙofar ɗakinta, ke kina wasa a gindin turmi, ta kira ki, ta sake kira, ko motsi ba kya yi. In ta ɗaga murya har kika ji, sai ki miƙe ki yi waige-waige, ki rugo wurina ki ce "Ga ni, Anti." Wannan shi ya fi ƙona mata rai.

"Ni na kira, wurin uwarta ta tafi. Yarinya ba ta koyon raini a sama. A ɗaki ake koya mata."

Ina jin ta, ina tankaɗe, ban ɗaga kai ba. Ni ma na ga abubuwa a tare da ke, sai dai ban san yadda zan haɗa su ba. Na ga kina karkata kai in ana miki magana, kamar kaza tana kallon shaho. Na ga in babanki ya kira, kunnen dama kike kai wa wayar, ko da hannun hagu kika karɓa. Na ga in kin kwanta a kan damanki, ko tabarya ta faɗi ba kya farkawa. Kowanne na gan shi shi kaɗai, na ce halin yara ne, cikina kuma ya ƙi yarda. Ba ni da wanda zan tambaya.

Hajiya ta yanke shawara da lokacin kaka ya gabato. Ta ce za ta ba Gwaggo Rabi riƙonki, yayar babanki da ke aure a Zango, wadda kowa ya san yaro ba ya shiga hannunta ya fito da taurin kai. Ba a tambaye ni ba, ba a kuma saba tambayar uwa a kan 'yar fari ba. A tsakar gida na ji, kamar yadda ake jin farashin gero. Na kira babanki, na yi ta kewaye-kewaye na kasa faɗa, har ya gane da kansa.

"Abin da Hajiya ta ce shi za a yi. Zango ce fa, ba bayan duniya ba. Ke ma kin huta."

Ban ce masa in an ɗauke ki ba sauran wanda zai shigo ɗakin nan ya taɓa ni ba. Na ce to.

Ana saura 'yan kwanaki Gwaggo ta zo, da rana, kika shigo kina kuka kin dafe kunne. Hajiya ce ta murɗe shi, ta aike ki ɗauko mata buta kin yi kamar ba da ke ake ba. Na saki labule. A bayan labule ba mai ganina, sai na ɗora ki a cinya. Don ki yi shiru na sauko da baƙin hedifon na sa miki, ya yi miki yawa har sai da na riƙe shi da hannu. Ban taɓa ba ki shi ba. Na ce a raina tunda tafiya za ki yi, bari ki ji muryar kakarki Inna ko sau ɗaya.

"Ki saurara ta nan," na ce, na taɓa kafaɗarki ta hagu. "Wata za ta yi magana daga nesa."

Kika yi shiru, kina jan majina. Wurin da Inna ke magana ya zo ya wuce, na gani a wayar.

"Kin ji ta?"

"Ba kowa a nan wajen, Anti. Duk suna nan." Kika nuna dama. "Wannan gefen ya mutu."

Hedifon ɗin na fara zargi. Na ɗauka igiyar ce ta tsinke ta ciki, na rasa Inna ke nan. Na karɓa na sa, na mayar da kiɗan baya. Ga ta nan a ƙofar madafi, lafiya lau. Na daɗe ina kallonki. Sannan na juya shi, na dama ya koma hagu, na hagu ya koma dama, na sake ɗora miki. Na mayar baya. Kina wasa da bakin zanena, sai kika tsaya cak.

"Ga wata tana cewa a ba yarinya ruwa. Wace yarinya?"

"Ni ce."

"Ke ai ba yarinya ba ce."

Kika yi dariya, hawaye bai bushe miki ba. Ni kuwa duk abubuwan nan da na gani ɗaya-ɗaya suka taso suka tsaya a wuri guda, karkata kai, da waya, da barci, da gudowa wurina. Wanda ke da kunne ɗaya ba shi da tsakar gida. Duk wanda ya kira shi, daga ƙurya ɗaya yake jin kiran. Ba raina Hajiya kike yi ba, ba ki san ta inda muryar ta fito ba ne, sai ki nufi inda kika fi sabawa. Na cire hedifon ɗin, na kwantar da kanki a ƙirjina ta gefen dama, na toshe kunnen da jikina. Na sa bakina a kunnenki na hagu, wanda aka murɗe, yana da zafi har lokacin. Na yi magana a ciki. A ranar na fara furta sunanki tun da aka raɗa miki shi. Kika ci gaba da wasa da zanena.

Kwanakin da suka biyo baya ban ci abincin kirki ba. Na je ƙofar Hajiya na durƙusa na gaishe ta, na tashi ban faɗa ba. Na sake zuwa, na sake tashi. Me zan ce? Matar ɗa ta zo tana kare 'yar fari, tana cewa surukarta ta yi kuskure, hujjarta kuma abin jin waƙa. Na koma ɗaki na ɗora baƙin nan, na ji Inna tana cewa a ba ni ruwa. Ita daga madafi ta yi tata maganar, a kaikaice, kuma an ji ta. Ni na nemi hanyar kaikaice na rasa.

Gwaggo Rabi ta zo da hantsi, ta ce ba za ta tafi da ke da wannan kan ba, kamar sheƙar tsuntsu. Ta zauna a tabarma kusa da Hajiya ta kama yi miki kitso. Kayanki na ɗaure a ɗankwali a gefe, ni na ɗaure su da hannuna. Matan gida duk suna waje, ana ta hira. Ina bakin murhu ina kallo, sai na ga ta kwantar da kanki a cinyarta, kunnen dama a ƙasa, na hagu a sama yana kallona. Na ajiye muciya. Na zo na tsaya a kanku.

"Safiya," na ce.

Hirar ta mutu. Wata daga cikin matan ta ce "A'a," a hankali. Ke ko gezau.

"Safiya. Safiya, tashi ga alewa."

Hajiya ta sauke carbinta.

"Bilki, lafiyarki? Sunanta kike kira a gabana?"

"Ki gafarce ni, Hajiya. Ki duba ta. Ba ta ji ba."

"Yaushe ta taɓa ji?"

"Ta wannan kunnen ba ta taɓa ba. Gwaggo, don Allah juya mata kai."

Gwaggo Rabi ta dube ni, ta dubi uwarta. Mace ce mai son ta ga ƙarshen abu. Ta sa hannu ta juya ki, kunnen dama ya dawo sama. Na ja da baya, na rage murya ƙasa da ta farko.

"Safiya."

Kika ɗago zumbur, kitso rabi a kwance. Kika waiga nan, kika waiga can. Ba ki taɓa jin sunan nan a bakina ba, don haka ba ki neme shi a wurina ba. Kika je gaban Hajiya kika durƙusa.

"Na'am, Hajiya."

Gwaggo ce ta fara magana, ta ce, "To, yau kuma uwar ta kira, ta tafi wurin kaka. An yi canjaras." Ba wanda ya yi dariya. Hajiya ta kama haɓarki ta juya fuskarki, ta dubi kunnen, akwai sauran shatin farce a bayansa. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce wa Gwaggo ta kwance ɗaurin kayan, ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule.

An kai ki asibiti, Hajiya ce da kanta ta kai ki, ni aka bar ni a gida. Likita ya tambaya ko kin taɓa yin hangum. Kin yi, kina shekara uku, kumatunki suka kumbura aka shafa miki shuni, ya warke muka manta. Ya ce shi ne ya tafi da kunnen, kuma ba zai dawo ba, a dai kula da ɗayan. Wannan ma a tsakar gida na ji.

Ba a kai ki Zango ba. Hajiya ta matsar da tabarmarta zuwa ɗaya gefen turmi, inda damanki ke kallo, ba ta kuma sake taɓa kunnenki ba. Ta hana kowa ce miki mai kunnen ƙashi. Ina so ki riƙe mata wannan. Amma ni, daga ranar har aka sake yin wata kakar, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, in na gaishe ta ta amsa tana kallon wani wuri. Ba a kan kunnen ba ne, na sani. A gaban 'yarta da matan 'ya'yanta na yi, kuma hannunta ne ya bar shatin. Matan gida suka sa min suna Uwar Safiya, ba don girmamawa ba, in na wuce sai wata ta kwaikwayi muryata, "Tashi ga alewa." Babanki ya kira ya ce na kyauta da na gano, amma da na bari ya dawo ya faɗa da bakinsa, na sa shi jin nauyi a gaban yayyensa. Ya yi makonni bai sake kira ba. Da can hira sanyi take yi in na zo. Bayan nan tashi ake yi.

Na kai wayata wurin mai gyara a bakin tasha, wanda ya gaji teburin babanki, na ce masa ina son duk abin da ke hagu da dama ya taru a kowane kunne. Ya ce ana yi, ya taɓa wani wuri a ciki, ya ce amma faɗin zai tafi, ko da babban na saurara. Na ce na sani. Na dawo na buɗe kwali na ɗauki ɗan farin nan mai igiya, ƙuryar ɗaki, wanda na fi rainawa a cikin ukun. Shi ne ke rabuwa biyu ya kuma bar mutane a haɗe. Bayan azahar kina zama ta hagu da ni, ki sa ɗaya a damanki, in sa ɗaya a haguna, igiyar ba ta da tsawo sai kanmu ya haɗu. Matan duk suna cushe wuri ɗaya, ba darbejiya, ba danga, Inna ta koma ƙarƙashin ƙwarya. Amma yanzu mun san inda take. In wurin ya kusa sai ki matse min hannu, mu riƙe numfashi, mu tsinto ta.

Baƙin yana nan a ƙusa, sosonsa ya fara ɓarewa. Wani lokaci in kina makaranta nakan mayar da wayar yadda take, in ɗora shi, in je gida in dawo. Har yanzu ya fi su duka, ba zan yi miki ƙarya ba. Faɗinsa ba shi da iyaka, amma mutum ɗaya yake ɗauka.

In ba na nan, duk wanda zai zauna da ke, malami ne ko miji, ki gaya masa tun farko ya zauna ta damanki, kada ki ji kunyar faɗa. In kuma aka ce miki uwarki ta kira sunanki a tsakar gida, ki ce haka ne, amma ba shi ne na farko ba. Na farkon a bayan labule na faɗa, a kunnen da ba ya ji, kuma ba sunan kaɗai ba ne. Ga shi nan na rubuta, tunda takarda ba ruwanta da hagu ko dama. Cewa na yi: Safiya, 'yata, ba inda za a kai ki.